Filin Lafiyar Iyali: Ciwon Mara Yana Kwantar Da Ɗiyata Duk Wata

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya saka miki da alheri. Ɗiyata ta fari shekarunta 14, tana aji uku na ƙaramar sakandare. Kusan shekara ɗaya da rabi ke nan da fara al'adarta. A watannin farko ba ta taɓa kokawa da komai ba, amma tun bayan sallar layya ta bara, duk wata idan jini ya zo sai ciwon mara ya kayar da ita, ta yi ta birgima a kan tabarma, ta yi amai, wani lokaci har da gudawa, hannuwa da ƙafafu su yi sanyi. Kwana biyu take yi ba ta leƙa makaranta. Muna ba ta Panadol ba ya yi mata komai, sai an kira mai kemis ya yi mata allura sannan ta samu barci. Kakarta ta wajen uba tana jiƙa mata jar kanwa, ta hana ta shan zaƙi, tana kuma cewa aure ne kaɗai maganinsa. Ni tsorona shi ne kada allurar ta zame mata jiki, kuma kada ciwon ya hana ta haihuwa nan gaba. Me ya kamata in yi? Daga wata uwa, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yarinya lafiya, ya kuma saka miki da kika ɗauki ciwonta da muhimmanci, domin uwaye da yawa raki suke kiransa, su ce ai kowace mace haka ta saba. Ciwon nan na gaske ne, an san abin da ke kawo shi, kuma yadda kika bayyana shi ya yi daidai da nau'in da ya fi yawa a tsakanin 'yan mata, wato wanda ba wata cuta ce a mahaifa ta haddasa shi ba.

Ga yadda abin yake. Kowane wata mahaifa tana yi wa kanta shimfiɗa ta ciki, idan ba a samu juna biyu ba sai shimfiɗar ta sāɓule ta fito da jini. A daidai wannan lokaci shimfiɗar tana sakin wani sinadari da ake kira furostagilandin, wanda aikinsa shi ne ya sa naman mahaifa ya riƙa matsewa don ya turo jinin waje. Yarinyar da jikinta ke fitar da sinadarin da yawa, mahaifarta tana matsewa da ƙarfi har ta danne ƙananan jijiyoyin da ke kai mata jini, kuma naman da jini ya yanke masa na ɗan lokaci dole ya yi zugi, kamar yadda ƙafa ke ɗaurewa ga mai gudu. Sinadarin nan kuma yana shiga jini ya taɓa hanji da ciki, shi ya sa kike ganin amai da gudawa da sanyin gaɓoɓi tare da ciwon. Abin da ya ba ki mamaki, cewa watannin farko lafiya lau take, shi ma yana da dalili: a farkon balaga jinin yakan zo ba tare da ƙwai ya fita ba, kuma ciwon ya fi tsananta ne bayan ƙwai ya fara fita a kai a kai, wanda yawanci yakan ɗauki wata shida zuwa shekara ɗaya ko biyu. Saboda haka wannan nau'in ba ya lalata mahaifa, kuma ba ya hana haihuwa. Ki kwantar da hankalinki a kan wannan.

Kuskuren da na fi gani, kuma ina zaton shi ne naku, ba rashin magani mai ƙarfi ba ne, rashin ba da shi a kan lokaci ne. Ana jira sai yarinya ta fara birgima sannan a nemo ƙwaya, alhali a lokacin sinadarin ya riga ya cika jiki, cikin ma ba ya riƙe komai saboda amai. Panadol, wato farasitamol, yana rage raɗaɗi amma ba ya hana mahaifa fitar da sinadarin sosai, shi ya sa kuka ga kamar ba ya aiki. Maganin da ke toshe hanyar yin sinadarin shi ne ibufurofen, wanda aka fi sani da Brufen, da danginsa irin su Ponstan. Ga yarinya mai shekara 14 wadda nauyinta ya kai kilo 40, ana ba da ibufurofen miligiram 400 sau uku a yini, tazarar awa shida zuwa takwas, bayan ta ci abinci, kuma kada ya wuce miligiram 1,200 a cikin awa 24 sai da umarnin likita. Ki duba kwalin da kyau, domin akwai mai 200 akwai mai 400. A fara ba ta da zarar ta ji marar ta fara nauyi ko ta ga ɗigon farko, in kuma kwanakinta sun daidaita har ana iya sanin ranar, a fara tun kwana ɗaya kafin ya zo. A ci gaba a kan ƙa'ida har kwana biyu ko uku, ba sai ciwon ya dawo ba, sannan a ajiye sai wani watan. Idan bai wadatar ba ana iya haɗa shi da farasitamol, ƙwaya ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta miligiram 500, kada ya wuce sau huɗu a yini.

Fara magani a kan lokaci shi ne dalilin da ya sa nake roƙon ki da ki saya mata ɗan littafi, ko ku yi amfani da kalandar bango, ta riƙa rubuta ranar da jini ya zo, ranar da ya ɗauke, da ranakun da ciwon ya hana ta fita. A shekarunta tazarar kwana 21 zuwa 45 tsakanin al'ada da al'ada ba matsala ba ce. Bayan wata uku za ku san lokacin da za a fara magani, kuma idan ta kai ga zuwa asibiti, littafin nan zai fi wa likita amfani fiye da a ce masa "ai kullum haka take".

Sai dai ba kowace yarinya ce ta dace da ibufurofen ba. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai asma da irin waɗannan magunguna ke tayar mata da ita, da wadda jini ke wuyar tsaya mata idan ta yanke ko ta yi haɓo, duk sai likita ya duba su tukuna. Mai farfaɗiya kada a ba ta Ponstan. Mai amosanin jini, wato sikila, lamarinta daban ne, domin al'ada tana iya tayar mata da ciwon ƙashi, kuma ƙodarta ba ta jure yawan waɗannan ƙwayoyi. Ita asibitin da take zuwa ne zai tsara mata. Asfirin kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba. Kada kuma a haɗa biyu daga dangi ɗaya, kamar Brufen da Ponstan ko dikilofenak a lokaci guda, domin ba ya ƙara sauƙi, cikin kawai yake ci. A nan ne haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda yake da haɗari, saboda babu wanda ya san abin da ke ciki. Na san 'yan mata da yawa sun saba da Felvin. Sinadarinsa firoksikam ne, wanda ya fi ibufurofen illa ga ciki, har hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawara tun 2007 cewa a daina amfani da shi ga ciwon ɗan lokaci. Ban ga dalilin fara yarinya da shi ba alhali ga mai sauƙi.

Game da allura, tsoronki yana kan hanya, kuma ina so ku tambayi mai kemis ɗin sunan abin da yake yi mata. Idan dikilofenak ne, ɗan'uwan ibufurofen ne, kuma abin da yake yi ƙwaya ma za ta yi idan an sha da wuri, ba tare da haɗarin ƙurji a mazaunai ko taɓa jijiyar ƙafa ba. Idan kuwa fentazosin ne ko taramol, to a tsaya daga wannan watan, domin su ne masu kama jiki, kuma barcin da kika ce tana samu bayan allurar ya sa na fi zargin su. Mun ga abin da kodin ya yi wa 'yan mata da matan aure a Arewa kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi da kuma haɗa shi a 2018, kuma da yawansu da neman sauƙin wani ciwo suka fara. Ciwon da ke zuwa sau goma sha biyu a shekara ba a yi masa magani mai kama jiki.

Ɗumi yana aiki fiye da yadda ake zato, kuma an gwada an ga sauƙin da yake bayarwa yana kusa da na ƙwaya. Ki zuba ruwa mai ɗumi a gora mai murfi, ki naɗe ta da tawul ko zane, ta ɗora a mara ko ƙugu. Ɗumin da fata za ta jure ake so, ba tafasasshe ba, kuma kada ta yi barci da ita a jikin fata kai tsaye. Wanka da ruwan ɗumi ma yana sassauta mara. Maganar cewa mai al'ada ba ta wanka ba ta da tushe a likitance. Shayin citta daga ranar farko zuwa ta uku yana rage ciwo da tashin zuciya ga 'yan mata da dama, kuma shi ne abin gida da na fi amincewa da shi. Kofi biyu ko uku a yini ya isa, ba a cika masa yaji ba. Yarinyar da ke motsa jiki a sauran kwanakin wata, ko da tafiyar ƙafa ce zuwa makaranta da Islamiyya, yawanci ciwonta ya fi sauƙi a kan mai zaman wuri ɗaya.

Yanzu sai batun Kaka, kuma a bi ta da ladabi, domin ƙauna ce ta sa take jiƙon. Jar kanwa gishiri ce mai ƙarfi, ba ta taɓa sinadarin da ke matse mahaifa, kuma yawan shan ta yana wahalar da ƙoda da zuciya, balle a haɗa ta da ƙwayar da ita ma ta ƙoda take bi. Ki roƙe ta ta mayar da jiƙon ya zama na citta, ita ce ma za ta riƙa dafawa, kowa ya huta. Rage zaƙi ba laifi ba ne ga haƙori da jiki, amma ba sukari ne ya kawo ciwon ba, don haka kada a ɗora wa yarinya laifin cewa kwaɗayinta ne ya ja mata. Maganar aure kuwa, gaskiyar da ke cikinta ita ce ciwon yakan ragu da ƙaruwar shekaru, kuma mata da yawa suna samun sauƙi bayan haihuwar fari. Amma akwai matan aure masu 'ya'ya da har yanzu suke fama da shi, kuma ciwon da ƙwayar kwana uku ke kwantarwa bai kai a yanke wa yarinya karatu saboda shi ba. Idan azumi ya zo, ki tuna mai haila ba ta azumi, saboda haka babu dalilin da za ta ƙi cin abinci da rana don kunyar ƙannenta maza har ta sha magani da cikin wofi.

Ku gwada wannan tsari na wata uku. Idan har yanzu tana rasa makaranta, ko ciwon yana ƙaruwa wata bayan wata, ko yana farawa kwanaki da yawa kafin jini ya kuma zarce bayan ya ɗauke, ko tana jin zafi wajen bayan gida da fitsari a kwanakin, to a kai ta wurin likitan mata. Haka nan idan jinin yana wuce kwana bakwai, ko tana jiƙe audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko idanunta da tafin hannunta sun yi fari tana haki. Abin da muke nema a irin wannan hali shi ne wata cuta da ake kira endometiriyosis, inda nama irin na shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa, kuma takan fara tun ana budurwa, sai a yi shekaru ana ce wa yarinya ta yi haƙuri. Ita ce ke iya taɓa haihuwa idan aka yi sakaci. A cikin gari kina da Asibitin Koyarwa na Tarayya, da asibitin mata da yara na Turai Yar'adua, da Babban Asibitin Katsina. Kuma kada tsoron gwaji ya hana ku: budurwa yawanci tambayoyi ake yi mata, a taɓa cikinta, a yi hoton mara ta saman fata, kina zaune a gefenta. Ciwon da ya zo farat ɗaya a gefe guda, musamman dama, tare da zazzaɓi ko suma ko amai da ya ƙi tsayawa, wannan ba a kwana da shi a gida, domin yana iya zama afendis ko murɗewar ma'ajiyar ƙwai.

TAMBAYA: Likita, ɗiyata mai shekara 17 ta sha magungunan ciwon mara wata da watanni ba sauƙi. Da mahaifiyarta ta kai ta asibiti sai aka rubuta mata ƙwayar da mata ke sha don tazarar haihuwa. Na hana ta sha, domin yarinya ce budurwa mai tarbiyya, kuma na ji ana cewa ƙwayar tana kashe mahaifa. Shin na yi daidai? Daga wani uba, Daura.

AMSA: Alhaji, na fahimci abin da ya sosa maka rai, amma likitan bai zargi ɗiyarka da komai ba. Ƙwayar nan sinadarai biyu ne irin waɗanda jikin mace ke yi da kansa, kuma tazarar haihuwa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukanta. Tana hana ƙwai fita, tana kuma sa shimfiɗar mahaifa ta yi sirara, ta yadda sinadarin da ke kawo ciwo zai ragu, jinin ma ya ragu. Shi ya sa ita ce mataki na biyu da likitocin mata ke bi a ko'ina idan ibufurofen da danginsa sun gaza, kuma ita ce ake fara ba wadda ake zargin tana da endometiriyosis, don a danne cutar kafin ta yi ɓarna. Ba ta kashe mahaifa. Idan aka daina sha, ƙwai yana komawa fita cikin makonni ko 'yan watanni. A wurin yarinyar da ake zargin wannan cuta, barin ta ba magani shi ne ya fi zama barazana ga haihuwarta.

Tana da nata sharuɗɗa. Ba a ba mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, kuma a watannin farko tana iya kawo tashin zuciya ko ɗigon jini a tsakiyar wata. Saboda haka ba abin saye a kemis ba ne bisa shawarar ƙawa. Shawarata ita ce ka bi su asibitin da kanka, ka zauna da likitan, ka tambaye shi abin da yake zargi, tsawon lokacin da za ta sha, da ranar da za a sake duba ta. Idan bayanin bai gamsar da kai ba, kana da damar neman ra'ayin wani likitan mata. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a karɓe takardar a ajiye, ita kuma ta ci gaba da kwanciya duk wata, ga jarrabawar fita sakandare a gabanta.

TAMBAYA: Anti Likita, ƙanwata shekarunta 15, ƙirjinta ya fito tun shekara uku da suka wuce, kuma duk wata tana ciwon mara mai tsanani na kwana uku ko huɗu, amma ba ta taɓa ganin jini ba. Yanzu marar ta fara tasowa, fitsari ma yana yi mata wuya. Gwaggonmu ta ce angurya ce, a kira wanzami ya cire. Daga wata yaya, Sabuwar Unguwa, Katsina.

AMSA: Ƙanwata, na sa wasiƙarki a wannan fitowar duk da ta zo a makare, saboda ba ta jira. Kada a kira wanzami. Abin da kika bayyana ya yi kama da yarinyar da aka haifa da tantanin budurci a rufe ruf, ko da wani shamaki a cikin farji: tana yin al'ada kamar kowa, amma jinin ba shi da hanyar fita, sai ya taru wata bayan wata har ya kumbura mara ya danne mafitsara. Gwaggo ta yi kusa da gaskiya da ta ce akwai abin da ya toshe, amma aska a wannan wuri, inda mafitsara ke gaba dubura ke baya, ita ce ke jawo zubar jini da ruɓa da yoyon fitsari, kuma cibiyar Babbar Ruga da ke nan Katsina ta daɗe tana gyaran matan da irin wannan yanka ya lalata. Hoton mara zai nuna inda jinin ya taru da kaurin abin da ya tare shi. Idan tantanin ne kawai, aiki ne ƙarami da likitan mata ke yi bayan an kashe zafi, jinin ya fita, kuma yawanci yarinya tana ci gaba da al'ada ta kuma haihu lafiya. Ki nuna wa mahaifiyarku wannan shafi yau, ku kai ta asibiti cikin makon nan, in kuwa fitsarin ya tsaya gaba ɗaya, a tafi da ita a daren, kada a jira gari ya waye.